Sodangi Maƙerin Turba

A Turba an san Sodangi da abu biyu: wuƙar aljihu da hirar jirgin ƙasa. Gidansu gidan ƙira ne tun kaka da kakanni, galma da lauje da hauya, amma shi zuciyarsa ta fara barin maƙera tun yana saurayi, shekarar da kawunsa ya tafi da shi kai gyaɗa Ƙauran Namoda a kan jakuna. Suna sauke buhuna a bakin tasha jirgi ya shigo. Jakuna suka watse, kawu ya bi su da gudu yana faɗa, shi kuwa Sodangi ya tsaya ƙyam yana kallon baƙin ƙarfen nan mai huci da hayaƙi, yana mamakin wane irin maƙeri ne ya haɗa shi.

Bai koma gida tare da jakunan ba. Ya samu aikin lebura a layin dogo, yana ɗaure notuna da gyara duwatsun ƙarƙashin ƙarfe. Shekara huɗu ya yi a nan, kuma har ya tsufa yana cewa su ne shekarun da ya fi ƙoshi, ko da yake gari da ƙuli ya fi ci. Sau ɗaya tak ya hau jirgi har Zariya. Wani mai zuba wa injin kwal, mutumin kudu, ya saba da shi saboda yawan tambayarsa, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ya bar masa wata 'yar wuƙa mai naɗewa. Sodangi bai yi mako da ita ba ya kwance ta don ya ga abin da ke riƙe bakinta idan an buɗe.

Sai saƙo ya zo cewa idon mahaifinsa ya mutu, kuma babu mai zama a maƙera. Ya ɗaure kayansa ya dawo.

Ya ci gaba da ƙera kayan noma kamar yadda ya gada, amma idan damina ta wuce aiki ya yi sauƙi, sai ya koma kan wuƙaƙensa. Da tsohon sifirin mota yake yin bakin, ya yi mariƙi da ƙahon sa, ya goge da zarto har ya yi santsi. Wuƙar Sodangi idan ka rufe ta sai ka ji ta ce ƙas, kuma ba ta buɗewa a aljihu ta yanki mutum. Makiyaya na saye don gyaran igiya, malamai don fiƙe alƙalami, fatake kuma suna tsallakawa da su kasuwannin Nijar. Ba ya sauri. Wanda ya matsa masa sai ya ce ya je kasuwar Isa, akwai na kanti birjik.

Duk shekara bayan an sa gero a rumbu, sai ya shirya ya tafi Ƙaura kwana biyu. Ba ya da kowa a can. Tasha kawai yake zuwa ya zauna ya ga shigowar jirgi da fitarsa. Matarsa Kande takan yi masa tsiya, ta ce ya gaishe mata da ƙarfen, ya kuma tambaye shi ko ya san an yi masa haihuwa. Shi dai murmushi yake yi. Jirgi ya yi ta raguwa, daga baya ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya, ciyawa ta rufe layi, awaki suka mai da tasha wurin shan inuwa. Duk da haka Sodangi bai daina zuwa ba.

'Ya'yansa biyu ne suka rayu, Hamza da Radiyya. Hamza bai ɗauki ƙira ba, fataucin albasa da wake yake yi tsakanin Sabon Birni da Maraɗi. Shi ne ya zo wa uban da hoton bidiyon sabon jirgin Kaduna a waya. Tsohon ya sa aka yi ta maimaita masa har caji ya ƙare, yana tambayar ina hayaƙin yake. Hamza ya yi masa alkawari bayan kaka za su je su hau shi tare.

Kaka ba ta zo ba. Wata ranar kasuwa da la'asar, 'yan bindiga suka tare motar su Hamza a hanyar dawowa, suka buɗe wuta. Hamza na cikin mutum shida da aka kawo a kwance. Sodangi da hannunsa ya sa shi a kabari, ya dawo ya zauna a ƙofar maƙera, bai hura wuta ba har aka yi arba'in.

Bayan 'yan watanni 'yan bindigar suka shigo Turba da rana tsaka a kan babura. Biyu daga cikinsu suka tsaya a maƙera, suka ajiye masa wata bindiga da ta lalace, suka ce za su dawo jibi su karɓa. Ɗayansu yana yanka rake da wata wuƙa yana sha. Sodangi ya gane ta tun daga nesa, aikin hannunsa ce, ko wa aka raba da ita oho. Da suka tafi, Kande ta roƙe shi ya gyara musu a zauna lafiya, tunda kowa ma haƙuri yake yi.

"Ba ni iyawa, Kande," in ji shi. "Wataƙila da wagga sunka kashe min ɗa. Za ni bar musu garin."

Washegari da safe ya tone uwar maƙera ya jefa ta a tsohuwar rijiya, ya farke zugazugi, suka hau motar farko zuwa Isa, inda Radiyya ke aure. Mijinta Jamaluddeen ya ba su ɗakin zaure, ya kuma ce zai nema masa wurin da zai kafa maƙera. Sodangi ya yi godiya ya ce a bari. Ba ya da sauran sha'awar ƙira.

Abu ɗaya ya sake tayar da shi, wato labarin da ya ji a rediyo cewa ana shimfiɗa sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ya yi ta lissafin garuruwan da zai ratsa, yana cewa ko ƙarfen kawai ya gani a shimfiɗe ya isa. Jamaluddeen ya yi niyyar kai shi. Sau biyu suna shiri ana cewa hanya ba kyau, an tare motoci. A karo na uku tsohon ne da kansa ya ce a fasa, ba zai sa a mai da Radiyya gwauruwa saboda kallon ƙarfe ba.

Ya rasu a tsakiyar damina bayan zazzaɓin kwana biyar. Kande ta so a kai shi Turba a rufe shi kusa da Hamza, amma babu direban da ya yarda ya bi hanyar a makon nan. A maƙabartar Isa aka binne shi bayan azahar. Kande na nan gidan 'yarta, gonarsu kuwa shekara uku ke nan ba a shuka ta ba.