Buhun da Léontine Ta Tara wa Dada

A shekarun nan duk mai tebur a babbar kasuwar Garwa ya san Léontine, kuma ba sanin ƙauna ba. Da masu tumatir sun hango ta da jakar saƙa a hammata, sai su taɓa juna su ce ga ta nan tafe, kowa ya yi ta kansa. Ba ta zuwa da safe. Safiya ta matan manya ce, masu taya kaya sau ɗaya su biya. Ita sai la'asar sakaliya, lokacin da tumatir ya yi laushi, kifin Binuwai ya fara sauya ido, mai kaya kuma ya ƙosa ya tafi gida. Za ta taya, ta juya baya, a kira ta, ta dawo ta ƙara ragewa, sannan ta kafe sai an yi mata gyara, gyarar ma ta ce ba ta gani ba. Mace ce mai sa ɗan kasuwa ya tsani sana'arsa.

Ba haka ta taso ba. A kan dutse aka haife ta, wani ƙauye da ke sama da Mayo-Ulo. Uwarta, wadda kowa ke kira Dada, mijinta ya mutu da wuri ya bar mata yara biyu da gona mai duwatsu da rumbun ƙasa guda ɗaya. Da jar dawa da gyaɗa ta raine su, har ta tura Léontine makarantar mishan. Hausa kuwa a kasuwar Mayo-Ulo yarinyar ta tsince ta, wajen tallan gyaɗa ga fataken da ke tsallakowa daga Najeriya. Daga baya Zacharie, akawu a wani ofishin gwamnati, ya aure ta ya kawo ta Garwa, unguwar Pumpumre, ɗaki biyu da famfo a tsakar gida.

A wancan lokacin albashi albashi ne. Duk babban hutu sai sun hau dutse, kuma da kaya: buhun shinkafar Yagwa, gishiri, sabulu, sukari, da turmin atamfa na Dada. Ƙauye ya fito tarba, a raba wa kowace tsohuwa nata, Dada ta ɗaura sabon zani ta bi gida-gida wai gaisuwa ta fito. Haka al'adar take. Matar ma'aikaci ba ta hawa dutsen nan hannu wofi. In ta yi haka ba ita kaɗai za a yi wa dariya ba, har uwar da ta haife ta.

Sai abin nan da ake ce wa kriz, wato matsin tattalin arziki, ya sauka. A 1993 aka yanke albashi sau biyu cikin shekara guda, kafin mutane su farfaɗo aka karya darajar kuɗin sefa. Zacharie ya sayar da babur ɗinsa, ya koma zuwa ofis a ƙafa, ya daina magana a gida sai in rediyo yake zagi. Ga yara huɗu, duk 'yan makaranta. Shi namiji ya sami damar yin shiru. Ita tukunya ba ta san shiru ba.

Nan Léontine ta zama abin da ta zama. Ta bar shinkafa ta koma tsakinta. Ta bar kifi ta koma kawuna. Sabulu sai ta yanka shi ƙanana ta shanya a kan kwano ya bushe ƙamas, don kada ya yi saurin narkewa. Da ta sauke tukunya za ta yayyafa wa gawayi ruwa, gobe ya sake aiki. Man gyaɗa da murfin kwalba take auna shi, burodi kuma na jiya take saya. Matan unguwa suna zolayarta, amma in wata ya yi nisa su ne dai ke zuwa tambayarta inda ake samun albasa mai araha. Gaskiya a faɗe ta, gidan nan bai taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma ita ce sila.

Abu ɗaya ya gagare ta, zuwa ganin Dada. Kuɗin mota ba shi ne matsala ba, tsaraba ce. Ita kuwa gara ta mutu da ta hau dutse ta tsaya gaban tsofaffin nan da jakar hannu kawai. Sai ta samo buhu ta ajiye bayan ƙofar ɗakinta. Duk ranar da ta matse wani abu daga kuɗin cefane, sai ta sayo kwano ɗaya na shinkafa mai kyau, fara, marar tsaki, irin wadda 'ya'yanta suka manta ɗanɗanonta, ta juye a ciki ta ɗaure. Ranar da buhun ya cika, ranar za ta ga uwarta.

To amma hutu yana zuwa. Daga ƙarshen Yuni har Satumba yara huɗu suna gida, ba aiki sai buɗe tukunya, ci kamar fara. Nan dabara ta faɗo mata, kuma ba ita ta fara ba, rabin Pumpumre haka suke yi: a tura yara hutu ƙauye. Akwai Malam Bilya, Bahaushe ɗan kasuwa da aka haifa a nan Garwa, mai motar kaya da ke zirga-zirga zuwa Mayo-Ulo duk Asabar. Shi zai ɗora yaran a kan kaya, abin da zai karɓa bai taka kara ya karya ba. Wata uku babu baki huɗu! Léontine ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka.

Abin haushin shi ne ta san damina a kan dutse. A can ta girma. Ta san watannin da makaranta ke hutu su ne watannin da ake jin hannu yana kartar gindin rumbu, tsohuwar dawa ta ƙare sabuwa ba ta nuna ba. Ta sani sarai. Amma in mutum yana son ya manta abu, ba ya rasa hanya. Ta gaya wa kanta cewa a gidan Dada ba a taɓa rasa tuwo ba, kuma kaka ai jikokinta take so.

Satumba yaran suka dawo sun yi ɓul-ɓul, sun yi baƙi, riƙe da kaza da ƙullin gyaɗa, domin Dada ba ta sallamar baƙo hannu wofi ko da jikanta ne. Léontine ta riƙa nuna su ga maƙwabta tana cewa ku ga yadda iskar ƙauye ta karɓe su. Malam Bilya ya isar da saƙo: Dada ta ce a gaya wa 'yarta ta zo, ko ba komai a hannunta, fuskarta take son gani. Léontine ta ce baɗi in Allah ya yarda.

Baɗin ta zo, buhun bai cika ba. Ya taɓa kaiwa rabi, komawa makaranta ta cinye shi. Ya sake tasowa, Zacharie ya kwanta ciwo aka kwance bakinsa. Kowace shekara yara su tafi, su dawo da ƙiba da kaza da saƙon nan guda, ita kuma ta ba da amsar nan guda. Ƙanenta Laurent ya tafi kudu neman aiki, ya bar matarsa Odette tare da tsohuwar, shi ma sai labari.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri a kan dutse. Léontine ta ji labarin a kasuwa, don ta ga yadda kwanon dawa ya tashi kafin damina ta gaba ta kankama. Me ta yi? Cewa ta yi tunda abinci ya yi tsada a gari, bana yara tun ranar da aka rufe makaranta za su tafi. A bakin mota Malam Bilya ya ja ta gefe.

"Madam, bana dutse babu daɗi. Ko za ki haɗa su da ɗan abin da za su ci? Ba zan karɓi kuɗin kaya ba."

A lokacin buhun ya kusa kai wuya, karo na farko. Ta ga kanta da Kirsimeti tana hawa dutse, mutum biyu na biye da ita da buhu, Dada na guɗa.

"Malam Bilya, abin da na tara da hannuna zan kai shi," in ji ta. "Ba zan aika shi kamar sadaka ba."

Ya juya ya ɗaure igiyar kayansa.

Yaran suka dawo da ƙibarsu kamar kullum. Amma babu kaza, babu gyaɗa, sai ɗan ƙulli a cikin tsumman zani, wanda Léontine ta gane guntun atamfar da ta kai ce shekarun baya. Ta kwance. Dawa ce, ba ta fi kwano biyu ba, da ƙasa-ƙasa a cikinta. Ta jijjiga ƙullin a hannu ta yi dariya.

"Bana tsohuwa ta yi rowa," ta ce wa Zacharie.

Ta rege ta, ta kai niƙa, aka yi tuwo. Har daɗi ta ji, don ta huta da zuwa kasuwa na 'yan kwanaki. Da ta tambayi yaran lafiyar kakarsu suka ce tana yawan kwanciya, ta ce tsufa ne.

Ba a jima ba, wata Talata da hantsi, Malam Bilya ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce wani ɗan kasuwa ya sauko da saƙo, zazzaɓi ya kayar da Dada, jikin ya yi tsanani, ta tafi yau. Nan take ta fara naɗe zannuwa. Sai kan nan nata ya fara aikin da ya saba. Motar fasinja za ta karɓi kuɗin mutum, ta karɓi na buhu. Motar Malam Bilya kuwa Asabar za ta tashi, kuma buhu kyauta ne. Zazzaɓi ai Dada ta sha yi tana tashi. Kafin Asabar ma ta samu ta cike ɗan abin da ya rage, ta haɗa sabulu da gishiri. Ta ce masa sai Asabar.

Ta isa ranar Asabar da yamma, an riga an binne Dada tun Juma'a.

Ta yi kuka, ta yi birgima a tsakar gidan da ta yi rarrafe. Mata suka riƙe ta. Odette kaɗai ba ta taɓa ta ba. Matar ta rame har wuyanta ya yi tsawo, tana tsaye tana kallon buhun da samari suka hauro da shi. Da kuka ya lafa ta zo ta kama hannun Léontine ta kai ta bayan ɗaki, ta cire murfin rumbu.

"Yaya, leƙa."

Babu komai. An share shi tas, har ana ganin sawun tsintsiya.

Odette ta faɗa mata ba tare da ɗaga murya ba. Duk shekara hatsin da zai kai su kaka yaran Garwa ke cinyewa, ita da tsohuwar su ƙarasa damina da ganyen tafasa. Bana tun tsakiyar Agusta abin ya ƙure. Dada ta sayar da kaji, ta sayar da akuyarta ɗaya, ta auno dawa a Mayo-Ulo da tsadarta. In an yi tuwo sai ta zuba wa yara, ta ce ita ta ci a gona. Ta hana kowa ya faɗa, ta ce yaran birni ba su saba da ganye ba, kuma Léontine tana cikin wahala, kada a ƙara mata. Ranar da za su koma, da kanta ta shiga rumbun ta sharo abin da ya maƙale a gindi, wai jikokinta ba za su shiga gidan ubansu hannu wofi ba. Da zazzaɓin ya zo bai tarar da komai a jikinta ba.

"Har daren Alhamis tana tambaya ko an ji ƙarar mota," in ji Odette. Ta mayar da murfin ta koma wajen wuta.

Léontine ta zauna a gindin rumbun. Daga nan tana hango gonar, dawa ta fitar da kai ta fara ja, saura kaɗan a yanka.

Masu zaman makoki sai an ciyar da su, a gidan kuma babu abin dafawa. Aka kwance bakin buhu. Mata suka jera tukwane, ƙanshin shinkafar Yagwa ya cika ƙauyen da ya daɗe bai ga tuwon kirki ba. Har daga ƙauyukan gefe aka zo. Tsofaffi suna ci suna sa albarka, suna cewa kai, Dada ta haifu, ku ga yadda 'yarta ta fitar da ita kunya, an daɗe ba a ga makoki mai kyau irin wannan ba.

Wata tsohuwa ta kawo wa Léontine nata a kwano har gindin rumbun, ta ajiye ta tafi. Shinkafa fara sol, babu tsaki ko ɗaya, kowane kwanonta Léontine ta san ranar da ta tsaya ciniki a kansa. Ta daɗe tana kallonta, har ta huce, ƙuda ya fara sauka. Ta tsani shinkafar, ta tsani kanta. Amma abinci ne, kuma in ya kwana zai lalace. Ta jawo kwanon, tana kuka, ta cinye shi tas.