Ranar da Aka Sa Ƙirjina a Injin Mata

Ku sababbin direbobi, in kun ji matan unguwar Tishigu suna kirana Hajiya Direba, kada ku je tambaya a waje. Ranar da na samu sunan ba ta taɓa fita kaina ba, gara ku ji daga bakina.

Ni aji uku na yi a makaranta, biyu a ciki barci na sha. Aikina tuƙa motar gwajin nono da asibiti ke turawa unguwa-unguwa. A cikinta akwai injin da ke ɗaukar hoton cikin nono, don in ciwon daji ya fara a gan shi tun yana ƙarami, kafin hannu ya ji shi. Mace in ta haura arba'in ana so ta zo, ko ba abin da ke damunta. Madam Akosua, 'yar kudu, ita ke riƙe da injin. Ni kuwa in na faka sai in ɗau lasifika ina shela: "Kyauta ne, kuma ba zafi ko kaɗan."

Wata Alhamis muka faka a Tishigu. Mata sun cika inuwa, amma ba wadda ta tashi. Duk yayata suke kallo, Ayishetu mai man kaɗanya, don abin da ta yi shi suke yi. Wannan ciwon ne ya kashe uwarmu, kuma na daɗe ina roƙon Yaya ta zo, tana ƙi.

"Alidu," in ji ta, "kai mai cewa ba zafi, ka taɓa sa naka?"

"Yaya, ni namiji ne."

"Da wannan ƙirjin? Tuwo ya ba ka abin da ya fi na wasu a nan. Sa naka, in sa nawa."

Na juya wurin Madam ko za ta cece ni. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Direba, cire riga. Hoto babu, amma matsi akwai."

Aka zaɓo tsofaffi biyu su yi shaida. Madam ta tattaro abin da Allah ya ba ni, ta ɗora a kan farantin injin, wani farantin ya sauko daga sama. Jama'a, har laifin da ban yi ba sai da na nemi gafararsa. Ɗaya tsohuwar tana gefe tana cewa, "Ƙara masa, Madam, ai ba zafi."

Na fito riga a hannu. Yaya ta ce, "To?"

"Akwai matsi," na ce. "Amma kafin ki gama salati an sake ki. Bai kai haihuwa ba."

"Ka haifi nawa?"

Mata suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta ba wata ajiyar jakarta, ta hau motar. Kafin ta sauko layi ya kai bakin titi.

Bayan kwanaki aka kira ta asibiti. An ga wani abu ƙarami a na hagu, aka cire, ta yi jinyarta ta warke. Yau tana kasuwa, tana zagina da cikakkiyar lafiya.

Abin da na koya ke nan: matan nan sun fi mu sanin ciwo, ba tsoronsa suke ba. Raina musu hankali ne ba sa so. In kun fita da mota ku gaya musu gaskiya, za su hau. Kuma ku riƙa sa singileti mai tsabta, don ba wanda ya san ranar da za a ce ya cire riga.