Malam To da Ɗakina

Rigimata da Malam To a kan ɗakina ta faro. Ɗan ƙanwata ne, ni na goye shi bayan rasuwarta, ni kuma na laƙa masa sunan, don tun yana rarrafe duk abin da aka ce masa, to. A ce zauna, to. Wani ya ce tashi, to. Har makaranta ya gama bai taɓa cewa a'a ba.

Aikinsa zanen kayan inji a kwamfuta. Ofis ɗinsu ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firji, tebur huɗu, kowa ya ƙura wa gilashi ido. Na taɓa kai masa makullin gida can, ya zaunar da ni ya nuna min abin da yake taƙama da shi: wata waya mai lanƙwasa, wai sifirin, da ya zana tsakanin ƙarafa biyu. In ya ja ƙarfe ɗaya, sifirin ya miƙe da kansa. In ya tura, ya tsuke.

"Inna, ba shi da tsawon kansa," in ji shi, baki har kunne. "Abin da ke gefensa ne ke ba shi."

Na ce, "Ashe hotonka ka zana."

Abokan aikinsa suka kwashe da dariya. Shi ma ya taya su.

To sai yayansa ya sayi mota mai dogon gindi, ya ce a faɗaɗa gareji. Garejin kuwa bango ɗaya ne da ɗakina. Na kira Malam To na ce kada a taɓa min bango. Ya dafa ƙirji ya ce to. Ashe yayan ma ya kira shi, ya sami nasa to ɗin.

Ranar da ya kawo zanen gidan, ya ɗora kwamfutar a kan gadona. Yana jan bangon gareji, ɗakina na tsukewa shi kaɗai, ba gardama.

"Kin gani, Inna? Komai yana daidaita kansa."

"Gadon fa, ɗan nema? Shi ma zai daidaita?"

Ya sosa ƙeya. Wai gado bai shiga zanen ba.

Magina suka zo, bango ya matso. Gadon ƙarfen da na yi aure da shi yana waje, an rufe shi da leda. Ni ina kan katifa a ƙasa, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa bangon motar mutum.

Ya zo gaishe ni kwanan baya, ya tsuguna a bakin ƙofa don ciki ba wurin mutum biyu. Ya ce ko akwai abin da nake so.

Na ce, "Abu ɗaya. Ranar da na mutu, kada ka kuskura ka je wajen masu haƙa kabari. Wani zai ce a ɗan rage, ka sa a binne ni a tsugune."