Ranin da Sabon Koci Ya Ajiye Yayana

Wata Juma'a bayan la'asar, a ranin farko bayan an yanke mana Jihar Kebbi daga Sakkwato, aka kawo wa kulob ɗin unguwarmu ta Aliero sabon koci. Ina aji biyar na firamare. Muna cikin fili muka hango wata tasi ta Birnin Kebbi ta baro titi ta nufo mu, tana tsalle a kan kunyoyin gero, domin filin namu gona ce da damina, sai an yi girbi take zama tamu. Wani dogon mutum ya fito cikin riga da wando shuɗaye masu farin layi, usur a wuya, agogo mai igiya a hannu. Muka yanyame shi, har da masu shafa masa wando. Ni kuwa na ɗauko gwangwanin madarar da nake yin sharhin wasa a ciki, wanda ya sa har yau ake kirana Rediyo, na sanar wa duniya cewa daga ƙasar Turawa aka aiko mana shi a jirgin sama, jirgin ne ya yi faci a Jega ya ƙaraso a tasi. Kowa ya yi dariya, har shi kansa. Amma babu wanda ya kai yayana Sanusi murna. Shi ya karɓi jakar baƙon, ya ɗora ta a ka kamar tana maƙare da ƙwai, ya raka shi har masauki bakinsa bai rufu ba.

Yaya Sanusi ne golanmu. Jigo ake ce masa, sunan wannan dogon icce mai guga a baki da muke ɗebo ruwa da shi daga rijiya a fadama, saboda tsawonsa da yadda yake sunkuyawa ya ɗauke ƙwallo daga ƙafar mutum ya wurga ta har tsakiyar fili. Ba ya sa takalmi, ba ya sa safar hannu. Tafin hannunsa ya sha igiyar guga har ya yi kauri, in ya shafa maka kai don so sai ka ji kamar an yi maka aski. Ni a sharhina ƙwallo ba ta taɓa wuce shi ba. In ta shiga, iska ce ta yi mana zalunci, ko alƙalin wasa surukin abokan gaba ne. Baba ya rasu ina aji uku, ya bar mana Inna da ƙannenmu mata biyu da fangalan albasa a bakin fadama, kuma tun daga ranar da aka yi addu'ar bakwai igiyar jigon ta koma hannun Yaya. Da waɗannan fangalan muke ci, da su ake yi mana ɗinkin salla.

Kafin zuwan baƙo, Baba Gado mai gyaran keke ne ke riƙe da kulob ɗin. Iyakar ilminsa na ƙwallo shi ne "Ku buga ta gaba!" da "Ku komo baya, 'yan banza!" Amma ya san dukan 'yan wasansa manoman albasa ne, ya kuma san albasa da safe take shan ruwa, kafin rana ta yi zafi. Don haka tirenin sai da yamma. In kuma akwai wasa a wani gari, sai a yi gayya: 'yan wasa su fito tun da asuba, su bi gonakin juna ɗaya bayan ɗaya, wannan na jan jigo, wancan na buɗe bakin fangali da fartanya, ana waƙa ana zolaya, kafin hantsi kowa albasarsa ta ƙoshi. Daga nan a wanke taɓo a hau kekuna. Gonarmu ake farawa da ita, wai gola ya kamata ya huta da hannu. Inna takan aiko ni da ƙwaryar kunu, in iso da rabi, in ce tuntuɓe na yi.

Attajiran albasa na unguwa ne suka ɗauko sabon kocin. Sun ce yanzu muna da jiharmu, za a riƙa yin gasa tsakanin garuruwa, masu zaɓen 'yan wasa za su riƙa zuwa daga Birni, bai kamata mu fita da mai gyaran keke ba. A teburin Ɗanjuma mai shayi, inda dattawan 'yan kallo ke zama bayan isha'i da hantsi da duk lokacin da matansu suka kore su, ba a yin zancen komai sai wannan. Can ne ake ajiye tsofaffin 'yan wasa. Akwai Audu Tsawa, wanda wai ya taɓa buga ƙwallo a Dangamaji ta karya wa jaki haƙarƙari. Akwai Labbo, Bafulatanin Fagada, wanda yakan wuce ƙwallon da gudu ya tsaya yana jiranta. Ban ga ko ɗaya daga cikinsu yana wasa ba, amma na san su fiye da darasin lissafi. Malam Tanko mai awon hatsi, shugaban teburin, yakan buga kofi ya ce, "Su Audu ba su samu wanda ya gane su ba. Amma Jigo, wallahi yaro wanga Birni za shi!" Yaya yakan sunkuyar da kai, ni kuwa in kumbura kamar ni aka ce.

Washegarin zuwansa kocin ya tara 'yan wasa ya kafa doka. Tirenin sau biyu a rana, babban kuwa na safe ne, daga sallar asuba har rana ta ɗaga, kuma duk wanda ba ya zuwa na safe ba zai buga wasa ba, ko ɗan uban wane ne. Ba mugun mutum ba ne, wannan kam zan faɗa. Ya san aikinsa. Cikin ɗan lokaci mutanen da suka saba bin ƙwallo gaba ɗaya kamar kaji an watsa tsaba suka koyi tsayawa kowa a wurinsa. Baba Gado ya je ya yi masa bayanin ban ruwa, kocin ya saurare shi da ladabi, ya ce da safe ne jiki ke karɓar horo. Masu 'yan'uwa da yawa suka bar musu gona. Wasu biyu iyayensu sun sayi injin ban ruwa. Gayya kuwa ta mutu ba tare da kowa ya kashe ta ba, domin duk hannayen da ke yin ta suna fili suna zagaye a daidai lokacin da albasa ke jira.

Mu hannu biyu gare mu, nasa da nawa. Na ce masa ya tafi, ni zan ja jigo kafin makaranta. Ranar farko na kama igiyar na ja gugan ƙasa da dukan ƙarfina, curin laka da ke ɗaya bakin iccen ya ga ba ni da nauyi, ya ɗaga ni sama. Na rantse na hango kasuwar Jega daga can. Na sauko da guga rabi da wando a yage, na isa makaranta an riga an shiga aji, hedimasta ya ƙara mini nasa rabon a baya. Iyakar abin da na iya shi ne jiƙa fangalan bakin rijiya. Sauran sai Yaya ya dawo daga tirenin, ya ba su ruwa da tsakar rana, ƙasa ta yi zafi, ruwan na shiga yana ɗumi kamar na wankan jego. Sabon dashe ne, bai kama ƙasa ba. Ba a jima ba lawashin ya fara yin ja daga baki, ya kwanta, alhali gonakin maƙwabta kore shar.

Inna ba ta zuwa fadama. Wata safiya ta yafa gyale ta bi ni. Ta tsaya a kan kunya ta duba, ta tsinki ganye ɗaya ta murza shi a yatsunta ya zama gari. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Da Yaya ya iso da gudu, gumi na zuba, sai ta miƙa masa abin da ke tafin hannunta ta ce, "Sanusi, ban hana ka wasanka ba. Amma ka hwaɗa min mi ƙannenka za su ci da damina, in sani." Ya tsaya yana kallon hannun. Da yamma ya je wurin koci, ni ina biye, ya roƙi a bar shi ya riƙa yin na yamma kaɗai, ko a ninka masa. Kocin ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce shi bai ga gola mai ido irin nasa ba, amma in ya ɗaga masa ƙafa yau, gobe rabin kulob zai zo da hujjar albasa. Yaya ya ce, "Gaskiya ne, Koci." Daga ranar ya koma rijiya da asuba. Albasa ta fara ɗago kai, shi kuwa da yamma yakan je fili ya tsaya a raga kamar kullum, yana kama duk abin da aka buga, yana jiran ko doka za ta yi laushi.

Ba ta yi ba. Aka ɗauko wani ɗan makarantar sakandare daga Maiyama, Kabiru, ya zama gola, da takalmi mai ƙusa da safar hannu fara. Ranar babban wasanmu da mutanen Jega a filinsu, Yaya ya gama ban ruwa ya goya ni a keke. Da na rungume shi ta baya na ji kaurin tsohuwar jesinsa a ƙarƙashin taguwa.  Aka kira sunayen masu wasa, ya saurara har na ƙarshe, sannan ya ja hannuna muka koma bayan igiya cikin 'yan kallo. Duk tsawon wasan addu'a nake yi a zura wa Kabiru goma. Allah bai biye mini ba. Muka ci ɗaya, ana dab da tashi aka ba Jega fenareti, yaron nan ya yi sufa ya ture ta waje. Mutanenmu suka tsallake igiya suka ɗauke shi a kafaɗa, Malam Tanko a gaba, hularsa a hannu, yana ihun ba a taɓa yin gola irin wannan ba. Na cusa gwangwanina a aljihu. Yaya ya sunkuyo ya ce, "Rediyo, yi mashi kirari mana. Gidanmu shika tsaro." Na buɗe baki, kuka ya fito. A hanyar komawa yana tuƙi yana yi mini bayanin yadda yaron ya karanci ƙafar mai bugun, muryarsa daidai, amma sau biyu muna faɗawa rami a hanyar da ya sani kamar ɗakinsa.

Albasar ta yi kyau a ranin nan, muka cika rudu, wato rumbun ajiyar albasa, Inna ta yi wa kowa ɗinki. Yaya bai sake zuwa fili ba. Don ya tara abin sayen inji ya shiga dako a tashar albasa, yana loda buhuna a manyan motocin da ke zuwa Kurmi, har wata rana wani buhu ya zame ya taɓa masa baya. Ya warke, ya yi aure, ya sayi injin, amma ba ya miƙewa daga tabarma sai ya dafa bango.

Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare. Wancan kocin ya daɗe da samun wuri mafi girma, Kabiru ya bi shi, kocin da ya gaje shi ma an sallame shi, bana aka kawo na uku. A teburin Ɗanjuma kuwa an ƙara mutum ɗaya a kan Audu Tsawa da Labbo. Malam Tanko ya ce da idonsa ya ga Jigo ya kama fenareti da hannu ɗaya yana cin rogo da ɗayan, ya ce tun da ya bari ba a sake yin gola a ƙasar nan ba. Ni da ake ce wa maƙaryaci ban taɓa kai wannan ba. Sabon kocin ya gaji da ji, ya ce a kira masa mutumin. Na ruga fadama. Yaya ya yi dariya ya ce, "Wane Jigo kuma?" Amma da yamma sai ga shi ya zo, ya wanke ƙafa. Ya tsaya a raga. Wani yaro sa'ana ya ajiye ƙwallo ya buga. Ina bayan raga, na ga idon Yaya ya riga ƙwallon isa kusurwar, na ga kafaɗarsa ta motsa, sai bayansa ya ƙi. Ƙwallon ta wuce a hankali, ko ni zan kama ta. Ya ɗauko ta da kansa, yana dafe da gwiwa, ya miƙa wa yaron ya ce ya buga da kyau, ya yi wa koci godiya, ya ce yana da ruwa a kan wuta.

Washegari na bi ta teburin shayi, ina jiran in ji wanda zai yi masa dariya in fasa masa kofi a ka. Babu wanda ya ko ambaci jiya. Malam Tanko na tsakiyar labarin rogo, an ma ƙara masa barkono. Su suna da Jigonsu wanda ba ya tsufa, ba ya ciwo, ba a taɓa ajiye shi ba. Mu a gida namu ne matarsa ke gasa wa baya da tsumma da ruwan zafi. Kullum kwano ɗaya muke ci da shi, kuma kullum kewarsa nake yi.