Karsana a Ƙofar Safiyo

Malam Abdulhamid Safiyo ya tsufa yana auna filayen mutane a Bauchi, amma bai taɓa iya yanka wa aikinsa farashi ba. Ka kai shi gona komai faɗinta, zai kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya kanne ido ɗaya, ya nuna maka inda naka ya tsaya. Ka tambaye shi nawa za ka biya, sai ya hau sosa ƙeya kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Amsarsa kullum ita ce, "Bari in shiga gida in fito."

A cikin gidan kuwa akwai Hajiya Mas'uda, matarsa, wadda ba ta taɓa taka harabar kotu ba amma ta san halin kotu sarai. Ita ta tsara masa yadda za a yi in lauya ya neme shi ya je ya ba da shaidar gwani a rikicin fili. Ladan awo daban, na zana taswira daban, kowane zaman kotu kuma da nasa, har wanda aka ɗage don alƙali ya tafi taro, domin a cewarta benci ba ya rage tauri don an ɗage shari'a. Babban sharaɗinta shi ne a gama ciniki kafin ya ɗauki na'ura, kuma ko an ci ko an faɗi ladan ba ya motsi. "In ka bar maganar a buɗe," in ji ta, "mai biya zai ɗauka har bakinka ya saya."

Da daminar bara Hajiya ta rasu, bayan gajeruwar jinya. Malam bai yi kuka a gaban mutane ba, a ɓoye ma bai yi ba. Ya karɓi gaisuwa, ya ci abin da aka ajiye masa, bai san ko da gishiri ko babu ba. Masu zuwa suka yi ta raguwa har saura mutum ɗaya, tsohon abokinsa Hammajoda, Bafulatanin da ke da garke a wajen Miri. Kullum bayan la'asar sai ya jingine babur, ya zauna a tabarmar ƙofar gida, ya yi ta labarin shanu. Wannan zaman ne kaɗai ke nuna wa Malam cewa yau ta wuce.

Sai ga shi maƙwabcin Hammajoda, wani manomi Salihu, ya kai ƙara cewa shingen garken ya ci masa gona. Lauyan Hammajoda ya ce a nemo safiyo.

"To ga safiyo a hannu, me zai kai ni neman bare?" in ji Hammajoda. "Nawa ne, mutumina?"

Malam ya miƙe bisa sabo ya shiga gida. Ya tsaya a tsakar gida yana duban turmi a kife. Da ya gaji da tsayuwa ya fito ya ce, "Duk abin da ya sawwaƙa."

Shi kuwa Hammajoda kunyar Fulani ba za ta bar shi ya danƙa wa aboki kuɗi a hannu kamar ɗan dako ba. Washegari aka wayi gari da jar karsana ɗaure a gindin darbejiyar ƙofar Malam. Irin aron nan ne da Bafulatani ke yi wa wanda ya riƙa ɗan'uwa: ka riƙe ta har ta haihu, ɗan naka ne, uwar ta koma garke.

Malam ya je Miri ya auna. Ya tono tsofaffin turakun siminti a ƙarƙashin ƙaya, ya ga shingen ya shiga gonar Salihu faɗin da mota za ta wuce. Ya faɗa wa Hammajoda da lauyansa. Lauya ya ce to a bar wannan shaida a gida, amma Hammajoda ya ƙi.

"Mutumin da na ɗaure wa karsana ba zai kunyata ni a gaban jama'a ba. Rana ce ta buge shi, a kotu akwai fanka."

Malam ya san ya kamata ya ja dabbar nan ya mayar. Ya kuma san in ya faɗi abin da ya gani, tabarmar la'asar za ta zama tasa shi kaɗai. Duka ya sani, kamar yadda mutum ke sanin gobe Alhamis. Sai ya ɗebo ruwa a bokiti ya kai wa karsana.

Ranar shaida, lauyan Hammajoda ya yi ta kewaye-kewaye, bai yarda ya kusanci shinge ba. Sannan lauyar Salihu, Barista Patricia, ta miƙe tana gyara baƙar riga.

"Baba, nawa aka biya ka ka zo nan?"

"Karsana."

Kotu ta ɗauki dariya, har alƙali ya sunkuyar da kai.

"Kafin awo ka yanka wannan farashi, ko bayan awo?"

"Ban yanka ba, Barista. Mai yanka mini ta rasu."

Dariyar ta mutu. Barista ta sassauta murya.

"Allah ya ji ƙanta. To shingen fa, a ina yake?"

"A cikin gonar Malam Salihu."

Ta dubi tarin tambayoyin da ta shirya don ragargaza shi, ta rasa abin yi da su, ta zauna. Hammajoda ya saɓa sandarsa ya fita bai dubi kowa ba.

La'asar ta yi ta zuwa tana wucewa. Malam na shimfiɗa tabarma ya zauna, karsana na tuƙa tana kallonsa, shi ma yana kallonta. Ba wanda ya fi wani magana a cikinsu.

Sai da aka gama cire shingen, wata ranar Juma'a, babur ya tsaya da damin harawa a baya. Hammajoda ya yi sallama a taƙaice, ya wuce wurin karsana, ya shafa haƙarƙarinta.

"Ka ramar da ita."

"Ɗauka ka zo yi?"

"Ba a kwance aro sai ta haihu. Al'ada ce, ba don halinka ba." Ya zuba mata harawa, ya daɗe a tsaye yana ba ta labarin yadda aka yi masa a kotu, da sunan wanda ya yi. Da ƙafarsa ta gaji ya juyo.

"Matsa mana. Ka cinye tabarmar duka, kuma wai ni ne mai cin iyaka."

Malam ya matsa.