Yaƙi Sittin na Mai Gyaran Agogo

Yayana ya yi shekara talatin da takwas yana gyaran agogo a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai yankan makulli da mai sayar da tabarau. In ya miƙa hannuwa yana taɓo bango biyu. Ba ya hira in yana aiki, kuma duk abin da ya shigo hannunsa sai ya ga cikinsa. Tun muna yara haka yake. Rediyon Babanmu ta sha wahala a wurinsa.

Bara shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi. Abin ya zo da sauƙi, baki ya dawo, ƙafa ta dawo, sai yatsun hannun dama da suka yi nauyi, kuma da su yake riƙe hantsaki. Babbar 'yarsa, wadda ke ɗauke da gidan yanzu, ta ce ta ba shi wata huɗu. In yatsun ba su saki ba, a mayar wa mai bene makullinsa, ya zauna ya huta. Ni dai ƙanwarsa na san in aka raba shi da shagon nan an gama da shi.

Likita ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Kwana biyu ya ce shi ba yaro ba ne. Sai mijin 'yar tasa ya ɗauko na'urar gem ɗinsa ya haɗa da talabijin ɗin falo.

"Baba, likita ta ce wannan ma ya yi, muddin babban yatsan dama ne ke danna madannan."

Gem ɗin na faɗa ne, irin wanda ake tattaro jarumai daga wasanni daban-daban a zuba su wuri guda. Akwai mai sulke, akwai ɗan dambe, akwai mutum-mutumi, har da wata kyanwa mai bindiga. Surukin ya buɗe masa ɓangaren labari, wanda mutum ke bugawa shi kaɗai. Wani dodo ne ya kame jaruman duka, sai kuku mai ludayi da ya tsira. Da shi za ka fara, duk yaƙin da ka ci ka 'yanto mutum ɗaya, har yaƙi sittin.

"Ita kyanwar me ya haɗa ta da mai sulke?"

"Haka aka yi shi, Baba. Kowa daga gidansu aka ɗauko shi."

"Aikin banza," in ji Yaya, ya gyara zama.

Da kansa ya kawo sharaɗi: in ya kai ƙarshen labarin, shago na nan. 'Yar ta yarda nan take, don a ganinta yatsan da ya ci yaƙi sittin ai ya warke.

Ni ke kai masa abincin rana, don haka na ga yadda aka fara. Mako biyu kukun nan yana shan duka. A yaƙi na tara mutum-mutumi ya tare hanya, ya hana shi gaba kwana shida. Yaya ya ajiye agogo a gefe, ya gano cewa duk daƙiƙa huɗu mutum-mutumin yake ɗaga hannu, kuma a lokacin cikinsa a buɗe yake. Ya san sanda zai kai bugu, yatsan ne ba ya isa kan lokaci. Rannan na same shi yana kallon yatsan kamar ma'aikacin da ya makara.

Daga nan ya fara rufe ƙofar falo, wai muna raba masa hankali. Sai labari ya canza. Yau ya 'yanto ɗan dambe, jibi kyanwa, kafin wata uku ya wuce hamsin. Muna ta hamdala.

Ranar wata Asabar da yamma ya tara mu mu ga yaƙin ƙarshe. Ya ja kujera gaban talabijin, ya ba mu baya. Dodon ya cika allo, Yaya ya bi shi a tsanake, bugu ɗaya bayan ɗaya, har ya kife. Falo ya kaure da ihu, 'yar tana share hawaye.

Surukin ne ya karɓi rimot ɗin gem ɗin don ya kashe, sai ya tsaya yana jujjuya shi. Madannan dama huɗu duk a mace suke. A bayan ɓangaren hagu an huda ramuka huɗu, an dasa 'yan madannan tsofaffin agogo, an ja waya an liƙe da dalma. Ashe Yaya ne ya matse rimot ɗin a ƙarfen matsa kaya, ya yi aikin da hagu cikin kwana uku. Tun yaƙi na tara hannun dama ke hutawa a kan cinya. Aikin kam ya yi kyau, wannan ba musu.

"Baba, ba haka muka yi ba," in ji 'yar.

"Cewa muka yi in kai ƙarshe. Na kai ko ban kai ba?"

Ba ta ja da shi ba. Ta ce magana ta riga ta fita, shago nasa ne.

Ranar Litinin na raka shi. Ya share teburi, ya sa gilashin ido. Wata mata ta kawo ƙaramin agogon hannu mai ja da baya. Ya buɗe bayansa, ya ɗauki hantsaki da dama. Sukurun bai kai ƙwayar yashi ba. Sau uku yana ɗauka yana suɓucewa. Ya koma hagu, hagu ta yi rawa, don ita jan waya ta iya. Haushinsa ya kama ni, tausayinsa kuma ya fi yawa, sai na juya ina kallon tabarau ɗin maƙwabcinsa.

Ya rufe agogon, ya yi wa matar kwatancen wani mai gyara a layi na gaba. Sannan ya ja ƙofa ya kulle, ya sa mini makullin a tafin hannu.

"Hau sama ki kai wa mai bene," ya ce. "Ni matakalar nan ta yi mini yawa yau."