Ɗinki Huɗu a Jirgin Madam Ofeibea

Kabutey ba ya wuce igiya bai taɓa ta ba. Ko ta shanya ce a bayan gidan wani, ko wadda aka ɗaure akuya da ita, sai ya sa ta tsakanin babban yatsa da manuni, ya lumshe ido, ya ja ta kamu ɗaya, sannan ya ci gaba da tafiya. Ba ya cewa komai. In ya tsaya ya sake ja, mai igiyar ya san kasuwa ta kama shi.

Shekara ashirin da wani abu muka yi muna aiki wuri ɗaya, a kulob ɗin masu jiragen ruwa na shaƙatawa da ke bakin kogi a garin Ada. Ni tela ne, ƙyallen jirage nake ɗinkewa in iska ta yaga. Shi kuwa jiragen ne a hannunsa, goma sha ɗaya, ƙanana, kowanne a kan amalankensa na ƙarfe a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Masu su mutanen birnin Tema ne. Ranar Asabar suke zuwa, su tura amalanke cikin ruwa, su ɗaga ƙyalle, iska ta ɗauke su. Ba wanda ke duba komai, tunda Kabutey ya duba.

Ɗan tsibirin Pediatorkope ne. Da ƙuruciya nutso yake yi yana kwaso adode, koɗin nan da mata ke soyawa a bakin hanya, har kunnensa na hagu ya mutu. Likita ya ce masa in yana son na dama, ya bar ƙarƙashin ruwa ga masu jini a jika. Ya bari. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa Maku tana sayar da yadi a Ashaiman. Abincinsa banku ne, tuwon masara mai tsami, da barkono, sau biyu a yini, a kan kututture ɗaya.

Igiyoyi biyu ne ba sa barinsa ya sake. Kowane jirgi yana da allon ƙarfe a cikinsa, mai nauyin buhun siminti, da ake saukarwa ta wata tsaga ya shiga ruwa don kada iska ta riƙa tura jirgin a kaikaice. Yana kuma da allon baya, na juya kai. Kowanne da igiyar ɗaga shi. A kogin namu tudun yashi yana tashi daga inda ka bar shi makon jiya ya koma wani wuri, saboda haka wanda bai iya ɗaga allunansa da sauri ba, yashi ya kama shi. Ta allon baya a fili take. Ta allon ƙarfe kuwa tana shiga wani rami ne, ta bi ta kan wata 'yar taya da ido ba ya gani, ta sauka. Gishiri yana cin ta a can ciki, inda yatsa ba ya kaiwa.

Ba a zare tsohuwa sannan a nemi hanyar sabuwa. Wanda ya yi haka sai ya ɗaga jirgin daga kan amalanke, ya sauke allon, ya yi kwanaki yana lalube da waya. Kabutey yanke tsohuwar yake yi a bakin ramin, ya ɗinke bakin sabuwar da guntun da ya saura, ya shiga ƙarƙashi ya ja. Tsohuwa ta ja sabuwa har ta fito, ya kwance waccan daga allon, ya ƙulla wannan. Ɗinki huɗu yake yi, ba ya ƙarawa, don in gaɓar ta yi kauri ba za ta wuce tayar ba.

Wata Juma'a da hantsi ya zo rumfata.

"Tela, ba ni allura da zaren nan naka na ƙarya."

"Zaren da ya riƙe wandonka shekara uku?"

"Wandon ne ya riƙe zaren. Kawo, jirgin Madam nake."

Madam Ofeibea tsohuwar shugabar makaranta ce, ta haura sittin. Ita kaɗai take shiga jirginta, ba ta son abokin tafiya, wai ta sha surutu shekara talatin. Na ba shi allurar, na tafi masallaci, daga nan ban koma ba.

Abin da ya faru bayan tafiyata, daga baya na ji. Ya yanke, ya ɗinke, ya shiga ƙarƙashi ya ja kamar taƙi ɗaya, gaɓar ta shige cikin rami. Sai ga ɗan aike daga tsibiri: ƙanin mahaifinsa ya cika, babban gida yana kira. A wurinsu ba a cewa irin wannan ɗan aike ya jira a ƙarasa aiki. Kabutey ya fito, ya naɗe sabuwar igiyar a maɗaurinta don kada ta zame, yadda hannunsa ya saba, tsaf, ya ja tamfol ya rufe jirgin. A ransa zai dawo da kwalekwalen farko. Madam kuwa ba ta taɓa zuwa kafin azahar ba.

Ran Asabar ƙarfe takwas motarta ta tsaya. Ta ce tana so ta gangara bakin teku ta dawo kafin ruwan da teku ke turowa kogi ya gama janyewa. Ta yaye tamfol, ta ga igiya fara sol a naɗe.

"Malam, ka ga mutumin naka? Ko na mutu sai ya canza mini igiyar likkafani."

"Allah ya ja da ran Madam. Ai aikinsa kenan."

Ni na kama mata amalanken muka tura. Har na ce igiyar ta yi kyau.

Wajen tara da rabi Kabutey ya iso, da baƙin zanen makoki a kafaɗa. Zaman dangi ya ja, kwalekwalen safe kuma ya tsaya lodin kwanduna. Bai gaishe ni ba. Ya tsaya yana kallon amalanken da babu komai a kai, da tamfol a ninke a gefe.

"Tela, ina jirgin?"

"Madam ta fita da shi. Lafiya?"

"Tun yaushe?"

Na gaya masa. Ya dubi ruwa, ya dubi sandar da muke gane cikar kogi da ita. Laka ta fara leƙowa a gindinta.

"Zarenka ne ke riƙe da allon," in ji shi. "Ɗinki huɗu."

Na san zaren nan. Na kuma san abin da ke gaban tudun yashin Azizanya, inda kogi ke faɗawa teku, raƙuman ruwa suna karyewa a kan juna. Masunta ma sai sun ƙirga kafin su ratsa. In allon ya faɗi ya kafe a yashi, jirgin zai kwanta. In kuma ruwa ya fizge shi daga yashin, can zai nufa, da allo yana lilo a ƙasa, ba mai iya ɗagawa.

Ayiku, wani mai kwalekwalen inji, yana wanke jarkoki a gaɓa. Kabutey ya shiga kwalekwalen bai tambaya ba. Na bi shi, ni da ban iya iyo ba.

"Baba, ina zuwa haka? Ko gaisuwa babu?"

"Tayar da inji."

Ayiku ya ja, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja.

"Ba ya son a tsaya masa a kai, Baba. Ku kau da ido."

"Kai da injin nan nono ɗaya kuka sha. Ja!"

A ja na biyar ya kama.

Kabutey ya tsuguna a gaba. Ban ga fuskarsa ba, bayansa kawai nake gani, da hannunsa na dama da ke buɗewa yana rufewa a kan gwiwa. Muka wuce masu nutso, suka ɗaga mana hannu, ba wanda ya amsa. Na yi ta lissafi a raina: in ba ta taɓa igiyar ba, ɗinkin zai iya riƙewa. Nauyi a tsaye ba ya tsinka zare nan da nan, fizga ce ke tsinkawa. Na faɗa masa haka da ƙarfi, ta wajen kunnen da ke ji.

"Za ta taɓa," ya ce. "Ni na koya mata. Da ta ga ruwa ya yi fari, ta ja."

Bayan lanƙwasar tsibiri muka hango ƙyallenta. Tana dawowa, a hankali, ruwa yana tura ta baya. Tsakaninmu da ita launin kogin ya soma sauyawa. Muka yi ta kira. Ayiku ya cire riga yana kaɗawa. Madam ta ɗago hannu, ta gaishe mu da fara'a. Sannan ta leƙa ruwa, ta sunkuya.

Ta ja sau ɗaya. Ta gyara ƙafa, ta ja na biyu. Sai muka ga ta zauna da baya daɓas, igiya a hannunta tana reto. Jirgin ya tsaya cak kamar an riƙe masa ƙafa, ya juya gefe, ya fara kwantawa.

Da muka isa ruwa yana shiga ta gefe ɗaya. Ta saki ƙyallen yana ta faffaka, ita kuma ta haye ɗaya gefen ta maƙale. Ana jin teku daga nan sosai.

"Papa Kabutey! Igiyarka ta tsinke!"

"Zauna inda kike, Madam. Kada ki sauko."

Ya ajiye zanen makokin. Ya kwance igiyar da Ayiku ke ɗaure kwalekwale da ita, ya ba Madam baki ɗaya. Ya ce in hau jirgin, na hau da rarrafe. Ayiku kuma ya sa hancin kwalekwale ya tokare mu, kada ruwa ya tafi da mu.

"Baba, kunnenka fa," in ji Ayiku. "Bari ni in shiga."

"Ka san inda allon yake? Riƙe injinka, kada ya yi fushi."

Ya nutse da ɗaya bakin igiyar a haƙora. Ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya miƙo mini. Igiyar ta zagaye cikin jirgin ta ƙasa kenan. Ya ce zai tone yashin ya sa kafaɗa ya tura allon sama, mu kuma da mun ji sassauci mu ja tare, mu ɗaure, igiyar ta tallafe allon.

Ya koma. Muka jira. Ba sassauci. Ya fito ya shaƙi iska, ya koma. Ni ina kallon kumfa, ina karanta abin da ya zo bakina. A na uku ya daɗe, har Ayiku ya miƙe tsaye. Sai jirgin ya yi wani ƙara a ƙarƙashinmu, igiya ta saki a hannuna.

"Malam, ja!"

Muka ja, ni da tsohuwar shugabar makaranta, muka ƙulla yadda muka iya. Jirgin ya miƙe, ya taso. Kabutey ya ɓullo a baya, ya kama gefen kwalekwale, ya kifa goshi a kan hannunsa. Wani siririn jini yana gangarowa daga kunnen dama, ruwa yana wanke shi yana dawowa.

A gaɓa Madam ta kawo masa tawul daga mota. Bai karɓa ba.

"Madam, igiyar ba tsinkewa ta yi ba. Ban gama aikin ba ne. Na naɗe ta kamar na gama."

"Na ji, Papa. Ni ma ban tambayi kowa ba. Shiga mota mu je asibiti."

Ya dubi bakinta. Ya ɗaga murya.

"Na ce ban gama ba ne, Madam. Ba laifin igiya ba ne."

Ta dube ni. Na dubi ƙasa.

An ba shi magani, aka ce ya kwanta. Ran Talata na tarar ya sa an ɗora jirgin a kan tsofaffin tayoyin mota, an sauke allon, shi kuma yana ƙarƙashi da waya. In ya kwanta rigingine duniya juya masa take yi, sai ya fito ya zauna ya riƙe kututture, ya koma. Na ce a kira wani daga Tema. Ko bai ji ba ne, ko ya ji, oho. Kwana uku ya yi kafin wayar ta sami hanyar tayar. Ya zura igiyar, ya ƙulla, ya sa Ayiku ya rataya a jikinta da dukan nauyinsa.

"Baba, in ta tsinke na karye fa?"

Ayiku ya rataya. Igiyar ta riƙe.

Saura ta allon baya, wadda tun farko ya yi niyyar canzawa rana ɗaya da waccan. Ya zare tsohuwar, ya auna sabuwa, ya yanke, ya ƙona bakinta da ashana. Yana cikin haka tasi ta tsaya. 'Yarsa Maku ce, wani ya buga mata waya. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta tsaya a kan mahaifinta, ta ce akwai likitan kunne a can Ashaiman, kuma ba za ta koma ita kaɗai ba.

Ya nuna mata igiyar. Ta nuna masa motar.

Ya rataye igiyar a wuyan allon baya. Ya tsaya jim. Sannan ya sunkuya ya zare doguwar ƙusar da ke riƙe allon a jikin jirgi, wadda in babu ita ba mai fita da shi ko'ina, ya sa a aljihu.

"Tela," ya ce, da ƙarfi fiye da kima, "ka gaya wa Madam ta jira ni. Mako ɗaya."

Damina biyu kenan bai dawo ba. Maku tana cewa da sauƙi, sai dai jiri. Maƙerin kasuwa zai iya yin irin ƙusar nan kafin shayi ya huce, na kuma faɗa wa Madam haka. Ta ce ta sani. Takan zo wata Asabar ɗin, ta zauna a kujera ta kalli kogi, ta koma. Sabuwar igiyar tana nan a rataye a wuyan allon, ba a zura ta ba. Rana ta fara cin farinta.